Yaya Sabo da hoton da aka kawo daga Kwandiko

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Sabo mai hoto. Ni ce Ladi, ƙanwarsa da ke bi masa. Tun da na ajiye aikin koyarwa nake son in rubuta wani abu a kansa, sai bana Allah ya nufa.

Duk wanda ya daɗe a Birnin Kudu ya san shagonsa a hanyar kasuwa. Da filim ya fara, yana kai wanki Kano duk mako. Da aka ba mu Jihar Jigawa, masu neman aikin gwamnati suka riƙa yi masa layi don ɗan hoton da ake liƙawa a takarda. Bayan wasu shekaru kyamarar da ba ta cin filim ta shigo, abokan sana'arsa da dama suka ja baya. Shi kuwa, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya sayo kwamfuta ta hannu, ya zauna a gabanta har ya iya.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne ƙara wa hoto kaifi. Za a kawo masa hoto dishi-dishi, ya sa a manhajar gyaran hoto, ya yi ta jan wani ɗan ma'auni da kaɗan-kaɗan har gefen fuska da zanen hula su fito. Na taɓa tambayarsa yadda abin yake. Ya ce, "Ladi, ba ya ƙirƙiro komai. Inda duhu ya haɗu da haske yake nema, ya ƙara wa duhun duhu, ya ƙara wa hasken haske." Sai ya ja ma'aunin har ƙarshe don in gani. Wani farin zare ya zagaye kan mutumin, fatarsa ta koma kamar an watsa mata tsakuwa. Ya mayar da shi baya yana dariya. Kuma bai taɓa yin gyara a kan hoton asali ba, sai ya kwafa tukuna.

Wata rana na biya shagon karɓar hotunan ɗalibaina na jarrabawa, na tarar da wata tsohuwa zaune a benci, da wani dattijo a tsaye. Inna Delu ce daga Kwandiko, ta ƙasar Gwaram, da ƙaninta Malam Haruna. Ɗanta Isa ya tafi ci-rani kudu, shekara bakwai ba shi ba labarinsa. Sai ga wani direban babbar mota ya zo garinsu da hoto a wayarsa: leburori 'yan arewa tsaye a bakin wata rumfa, can baya kuma wani dogo da kowa ya ce ya yi kama da Isa. Direban ma turo masa aka yi, bai san garin da aka ɗauka ba.

Inna Delu ta ce, "Malam, an ce kai kake fito da fuska. Ka fito min da ita in gani."

Yaya ya ɗora hoton a kwamfuta, ya buɗa shi. Wayoyin wancan lokacin ba su da ƙarfin ɗauka, fuskar duka ba ta wuce 'yan ɗigo launin ƙasa ba. Ya ce su ba shi kwana uku.

Da za su tafi, Malam Haruna ya ja shi gefe, ina ji. Ya zaro wani tsohon hoton Isa daga aljihu ya ce, "Ka ɗan haɗa da wannan, ka ce mata shi ne. Wallahi ko abinci ba ta iya ci."

Yaya ya ce, "Baba, zan iya haɗawa, ba kuma wanda zai gane. Amma in na ce shi ne, za ta zauna jiran mutumin da ba mu san ko wane ne ba."

Ba zan ɓoye ba, a ranar bayan Malam Haruna nake. Na ce wa Yaya tsohuwa ce, me zai rage shi in ya kwantar mata da hankali? Ya juya ya koma kan kwamfutarsa.

Kwana biyu yana kan fuskar nan, ba ta fito ba. A na uku ya rabu da ita, ya koma kan wani allo da ke rataye saman rumfar, wanda babu wanda ya kula da shi. Rubutu ya fi fuska karɓar kaifi, domin baƙi ne a kan fari. Ya bi shi harafi-harafi, har sunan wata tashar katako da rabin sunan gari suka karantu. Ya kira direbobi biyu daga tasha, kowannensu da zuwansa ya faɗi garin.

Da Inna Delu ta dawo, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, fuskar ban gan ta ba, ba kuma zan ce miki na gani ba. Amma na gano inda aka ɗauki hoton." Ta yi kuka sosai. Ta so a ce mata shi ne.

Malam Haruna ya bi motar shanu ya tafi. Ya sami rumfar, ya sami dogon mutumin. Ba Isa ba ne, wani mutumin Sundimina ne. Amma ya san Isa: yana wani gari kusa da nan, injin yankan katako ya cire masa yatsu uku, kunya ta hana shi komowa gida a haka. Malam Haruna ya taho da shi. Inna Delu ta yi shekara huɗu da ɗanta a gida kafin Allah ya karɓi ranta.

Yanzu kuwa aikin da Yaya yake kwana uku a kai, waya tana yin kamarsa kafin ka ƙifta ido. Kwanaki 'yata Hauwa ta ɗauki wani hotonsa da ya dushe, wanda aka yi masa a wajen ɗaurin aure, ta sa a irin manhajar nan. Hoton ya fito garau. Sai dai an toshe masa wushiryarsa, an miƙe masa hanci, an share tabon da ƙahon sa ya bar masa a haɓa tun muna yara. Kyakkyawan mutum ne ya fito, ban dai san shi ba. Na ce ta goge, ta bar min mai dishin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana raye. Na san ba zai zagi zamani ba, ba halinsa ba ne. Da shi zai riga kowa a garin nan koyon manhajar, ya gane inda take gyara da inda take ƙari. Da kuma zai ajiye wa mutum hotuna biyun gefe da gefe, ya nuna masa wanda yake gaskiya da wanda yake ado, ya bar shi ya zaɓa da saninsa. Abin da nake tsoro shi ne jikokinmu su taso suna duban fuskokin da waya ta zana, suna cewa kakanninsu ke nan.

Shagon yanzu ana sayar da takalma a ciki. Kwamfutar ta mutu tuntuni, bai kuma bar ɗan da ya gaji sana'ar ba. Amma a watan jiya na je suna wani gida a Gwaram, na ga hoton wani tsoho a bangon falo. Idanunsa da furfurar gemunsa sun fito tas, kunnensa na hagu kuwa an bar shi da ɗan dishinsa, inda ya motsa lokacin ɗauka. Ban tambayi wanda ya gyara ba, na san hannun. Matar gidan ta ga na tsaya ina kallo, ta ce, "Babanmu ne. Wallahi sak, kamar ya yi magana."

Allah ya jiƙan Yaya Sabo, ya haskaka makwancinsa, ya sada mu da shi da fuskokinmu na gaskiya.