Sirdin Baba Meraj

Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2019, na fara ganin Meraj Din, a ofishin maƙabartar Sahiwal inda nake aikin akawu. Ya zo a shigar da kabarin matarsa Sughra a rajista: layi na tara, lamba talatin da ɗaya. Tsohon masinjan gidan waya ne, ɗansa ɗaya tilo yana Karachi.

Daga nan duk Alhamis yakan tuƙo kekensa mil shida daga ƙauye, da butar ruwa da ƙullin furen wardi. Ya yayyafa wa kabarin, ya zauna, sannan ya leƙo mu sha shayi. Motar haya ba ta biyowa ta ƙauyensu. Keken nan ne kaɗai hanyarsa.

A watan Nuwamba aka yi masa aikin basir. Na lissafa Alhamis tara bai zo ba. A ta goma ya iso da ƙafa, yana turin keken, ya ɗaure matashin kai a kan sirdin da igiyar wando.

Na raka shi wurin Shafqat mai gyaran keke da ke bakin ƙofa.

"Baba, ina ne ke ciwo?"

"Gwiwa," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Shafqat ya ɗaga sirdin sama. Mako ya zagayo, ya sake zuwa da ƙafa. Aka sauke sirdin, aka sa masa mai soso. Duk a banza. Mutumin da ya shekara arba'in bai kira sunan matarsa a gaban mutane ba, ina zai iya faɗa wa sa'an ɗansa inda aka yanka shi?

A mako na huɗu Shafqat ya ajiye sifana.

"Baba, tsakani da Allah, gwiwar nan taka a kanta kake zama?"

Tsohon ya yi dariya har da hawaye. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar.

"Ɗan nema! Ubanka ma bai yi mini wannan tambayar ba."

Shafqat ya jiƙa yashi a faranti ya ce wa tsohon ya zauna a kai. Ya auna ramuka biyun da ƙashin mazaunansa ya bari da zare, ya zaɓo sirdin fata mai faɗi, mai tauri, ya fafe tsakiyarsa da wuƙa.

"Mai taushi nutsewa yake yi, ya danne wurin. Wannan kuwa, ƙashi ne zai ɗauki nauyin."

Alhamis ta gaba tsohon ya shigo a kan keke. Bai tsaya ofis ba, ya wuce layi na tara. Na hango shi yana magana shi kaɗai, ya daɗe.

Ya zo sau tamanin da bakwai bayan haka. A Disamba 2021 ɗansa ya ɗauke shi zuwa Karachi, can ya rasu, can aka binne shi. Filin da ya nema kusa da Sughra an bai wa wani.