Yunana Mai Radiyo, Wanda Ya Ajiye Muryoyin Tsofaffin Adar

Shekara ashirin da shida ke nan Malam Yunana Tanko yana buɗe rumfarsa ta bakin kasuwar Madawa kafin masu albasa su sauke buhuna. Yakan hura gawayi, ya sa ƙarfen narka dalma a wuta, ya goge tebur, sannan ya jera radiyoyin da aka kawo gyara. Wajen masu kula da injunan asibitin mishan ya koyi aikin tun yana saurayi. Ƙarshen watan nan na Disambar 1997 zai rufe rumfar. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan.

Amma ba gyaran radiyo ya sa na ɗauki alƙalami ba. Bayan yunwar 1984, da ƙauyuka suka watse, Yunana ya lura tsofaffin da suka san waƙoƙin niƙa da na gayya da na roƙon ruwa suna ta mutuwa, waɗanda suka rage kuma sun yi shiru. Sai ya fara ɗaure manyeto, na'urar ɗaukar murya, a bayan ƙaramin babur ɗinsa mobilet, duk Litinin yana bin Galma da Tama har Tamaske. Babu ofishin da ya aike shi. Dattawan majami'arsu sun kira shi sau biyu, suka ce bai dace mai bi ya riƙa tara waƙoƙin arna ba. A ƙauyuka kuma ana ce masa ɗan mishan mai satar murya.

Ina koyarwa a lakwal ɗin Tama lokacin da ya fara zuwa gidan Inna Altine, tsohuwar da kakanninta suke yanka a gindin dutse kafin damina. Sau huɗu tana korarsa. A zuwa na biyar bai buɗe jaka ba, ya zauna yana taya ta ɓarar gyaɗa har la'asar.

“Ɗiyana sun tai Makka, kumyar waƙar ga su kai,” in ji ta. “Kai mi za ka yi da ita?”

“Ajiye ta za ni yi, Inna. Ko ba wanda ya nema.”

Waƙa goma sha ɗaya ta rera masa a bakin dutsen niƙa. Ta rasu a 1993.

Shekara biyu bayan haka Alhusaini, wani mutumin Tamaske, ya dawo daga ci-rani a Abijan da gitar mai lantarki da ampili, akwatin ƙara sauti, mai tsagaggiyar murya. Shi da abokansa biyu suna ɗaukar tsofaffin waƙoƙin turawa su ninka musu sauri, su yi ta ihu, ganga kamar ana rusa katanga. Kowa ya ce hauka ce. Yunana da ya gyara musu ampilin ya saurare su har ƙarshe, ya ce ya ji fushi a ciki kuma fushin na gaskiya ne, sai dai me ya sa suke aron fushin wasu? Ya kunna musu kaset ɗin Altine. Uku daga cikin waƙoƙin suka koya.

Ranar kasuwar Keita suka buga ta roƙon ruwa da yamma. Ina wurin. Tsofaffi sun toshe kunne, wasu suka tashi. Wata mai sayar da ƙosai kuwa ta bar mai yana ƙonewa, tana bin baitocin da baki, hawaye na zuba. Ta ce tun tana yarinya rabon ta da jin su.

Labari ya kai wa Alhaji Maiguwa, babban ɗan Altine. Ya zo Madawa ransa a ɓace, ya ce an tozarta mahaifiyarsa a tsakiyar kasuwa. Yunana ya amsa cewa ya yi kuskure da bai nemi izinin gidan ba, ya ba shi kujera, ya kunna kaset ɗin. Maƙwabtan rumfar sun ce Alhaji ya saurari muryar uwarsa da ƙarar dutsen niƙa kansa a sunkuye, bai motsa ba. Da kaset ɗin ya ƙare Alhaji ya miƙa hannu.

“Ba ni shi. Kuma kada ka kwahe.”

Shi kaɗai ne kaset ɗin, Yunana ya ba shi. Har yau ba mu san ko yana ajiye ko an ƙone shi ba. Lidiya, matar Yunana, ta ce mako guda mijinta bai ci abincin kirki ba. Alhusaini ma ya koma Abijan bara, ya tafi da gitarsa. Waƙoƙi takwas sun ɓace. Ukun nan kuwa ƴan matan Tama suna rera su wajen daka, da saurin Alhusaini, ba su ma san na wace ce ba.

Malam Yunana, kai ne ka zauna gaban tsofaffin da ƴaƴansu suka daina saurara. Kai ne ba ka raina ihun samari ba, ba ka kuma hana ɗa muryar uwarsa ba, ko da ka san abin da za ka rasa. Mai kunnen Adar, ga shi kunnen ya gaji.

Kaset ɗari biyu da goma sha huɗu ke cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Zafi ya fara manne zarensu, shi kuma ba ya iya jin wanda ya lalace. Ranar Asabar na kunna masa ɗaya, ya kafa kunnen dama a jikin manyeto, ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko waƙar ta fara.

Mun gode, Malam Yunana. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya. Ku kuma masu karatu, wanda yake da tsohuwa a gida ya zauna gabanta tun tana da murya. Wanda yake da manyeto mai ɗaukar kaset biyu, gidan Yunana yana bayan tashar Buza, ƙofar kwano mai shuɗin fenti. Ku zo da kaset ɗinku a kwafe waƙoƙin, ku zo da kunnuwanku, kafin bazara ta shigo.