Ranar da Na Cire Mata Sunan Juya

A shekarun babban farin nan, lokacin Naira tana sabuwa, ni dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, matashi mai ji da kansa. Kallo ɗaya nake yi wa saniya in gaya maka ko za ta haihu. Amma na cikin gidana ban gano shi ba. Matata 'yar makiyaya ce daga wata ruga kusa da Ɗanzomo. Mun shekara shida, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mahaifiyata ta ɗura mata sassaƙe da saiwoyi har ta rame, a gidajen suna kuma mata suna kiranta juya. Ni ko a jikina, ina ta hura hanci a kara, wurin cinikin shanu.

Da tura ta kai bango ta yi yaji. Kafin in je biko, wani abokina direba da ke kai mana shanu Kano ya ce in bi shi in ga likita, wai ni ma ai ɗan Adam ne. Na ji haushi, amma na hau motar. Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya tambaye ni ko na taɓa yin hangum bayan na balaga. Sai na tuna. Ya kama ni ina saurayi, ya sauko mini ƙasa, na kumbura har tafiya ta gagare ni, aka shafa magani aka manta. Likitan ya ce tun daga nan marainana suka daina yin iri. Mazakutata lafiya lau, haihuwa ce babu. A hanyar dawowa na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa. Abokina ya ce in rufa wa kaina asiri, daga ni sai shi sai Allah.

Muka tafi biko da baffana, da goronmu. Aka shimfiɗa mana tabarma, baffa ya fara jawabi, yana cewa mun yi haƙuri da rashin haihuwarta, za mu ci gaba da riƙe ta a haka. Ina hango ta a bakin bukka ta sunkuyar da kai. Wallahi na kasa daurewa. Na katse baffana, abin da ban taɓa yi ba, na faɗi duk abin da likita ya ce a gaban kowa.  Sai surukina ya ce a garke idan shanu suka ƙi ɗauka, bijimi ake fara dubawa, sai a kan mutane ne ake mantawa. Ya ƙara da cewa shi dai tun da yake bai taɓa ganin bijimin da ya kawo ƙarar kansa ba. Aka yi dariya, har da ni.

Na ba ta zaɓi, ta dawo ɗakinta ko in sauwaƙe mata. Bayan kwanaki ta aiko gwaggonta ta ce ba ta ƙi ni ba, amma tana son ta goya nata. Na sauwaƙe mata, zuciyata kamar ta fashe. Mahaifiyata ta yi fushi da ni har kaka, 'yan kara suka sa ni a waƙa, na toshe kunne. Ta auri wani manomi a Gagarawa, ba a rufa shekara biyu ba ta haifi namiji. Surukina na dā ya aiko lallai in zo suna. Ina zaune cikin taro aka raɗa, sai na ji sunana. Mijinta ne da kansa ya yarda, ya ce gaskiyata ce ta ba shi ɗa.

Maza 'yan'uwana, kafin ku bari a kira matanku juya, ku je a duba ku. Ciwo ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ka ɗora wa baiwar Allah kayanka ka koma inuwa. Na yi nadamar shekara shidan da na bari ta sha ɗaci, amma ina alfahari da ranar bikon nan. Ban haifa ba, sai dai a Gagarawa akwai magidanci mai sunana, yana zuwa gaishe ni kowace Sallah, 'ya'yansa suna ja mini gemu suna kirana Kaka.