Malam Namadi Geza da Usur ɗin Masinjoji

Malam Namadi Geza, shugaban masinjojin ƙasar Bagudo, ya rasu ranar Talata, 9 ga Mayu, 1961, bayan jinyar mako uku. An yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar matarsa Batulu da 'ya'ya biyar. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Malam, waɗanda ba su san ƙasar nan ba za su ce aikinka ƙarami ne. Mutum takwas ne a ƙarƙashinka, kowanne da jakar wasiƙu, kowanne shi kaɗai a hanyarsa, daga bakin Kwara har ƙauyukan iyakar Dahome. Kafin ka karɓi aikin, masinja biyu sun mutu a daji cikin shekara huɗu. Ɗaya sai bayan kwana uku aka san ya ɓata, domin garin da ya baro suna zaton ya isa, garin da ya nufa suna zaton bai taso ba.

Ka sa maƙerin Bagudo ya ƙera usur takwas na tagulla, ka ɗaura wa kowanne igiyar fata. Ka haɗa wa kowane mutum da gorar da zai ɗaura a ƙugu in zai haye ruwa. Gorar sun karɓa. Usur ɗin kuwa ƙasan jaka ya koma. Yero, wanda ya fi kowa doguwar hanya, shi ya faɗa maka dalili a gaban sauran.

"Baba Namadi, ni da gemuna in tsaya cikin daji ina busar neman agaji? Mi za a ce da ni a rugarmu?"

Ba ka yi faɗa ba. Ka yi mako guda kana nazari, sannan ka juya dokar. Daga ranar nan kowane masinja zai busa sau biyu a kowane mashigin rafi da kowace ƙofar gari, ko lafiya ko ba lafiya. Ta haka busa ta daina zama alamar tsoro, ta zama sallama. Ka bi hanyoyin nan da ƙafarka, ka gaya wa masu gari da manoma da masu fito cewa Litinin da Alhamis, ranakun wucewar masinjoji, su riƙa kasa kunne. In sun ji usur, su ci gaba da aikinsu. In lokaci ya wuce ba su ji ba, su ajiye fartanya su bi hanya.

Da daminar 1958 Jummai, wata dattijuwa mai gonar shinkafa kusa da Geza, ta ga inuwa ta karkata ba ta ji Yero ba. Ta tashi maza huɗu daga gona. Suka same shi kwance a gindin giginya, kububuwa ta sare shi, ko ɗaga hannu ba ya iyawa, balle busa. Yero yana raye. Shi ne a gaban makararka. Na bincika littafin aikinku: shekara bakwai ke nan ba a rasa masinja ko ɗaya ba a ƙasar Bagudo. Na karanta rahotannin larduna da dama, ban ga inda aka yi wannan ba.

Bara, bayan bikin 'yancin kai, aka kawo wa mutanenka kekuna, abin da muka yi murna da shi. Sai wani sabon jami'i ya ce tunda ga ƙararrawar keke, a tattara usur a mayar ofis, wai tsohon yayi ne. Ina wurin ka amsa masa da ladabi: "Ranka ya daɗe, ƙararrawa iyakarta bakin hanya. Jummai kuwa gonarta na bayan fadama." Ya ɗaga maganar, amma bai janye ta ba.

Ka san dokar taka ba a rubuce take ba, a bakinka take. Shi ya sa a makon farko na jinyarka ka kira 'yarka Saratu ta rubuta abin da kake faɗa, shafi biyu, kana roƙon a mayar da busar nan ƙa'idar aiki, kada ta bi ka kabari. Yero ne ya ɗauki takardar.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa rayukan da ka tsare su zame maka shaida ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Batulu da Saratu da ƙannenta, da masinjoji takwas, da mutanen Geza da Bagudo baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata tamu in ta zo.

Takardar ta isa babban ofis. Wani ma'aikaci a can ya shaida mini cewa an sa mata hannu ranar Asabar, kwana uku kafin rasuwarka. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, sanarwar ba ta iso Bagudo ba.