Ɗaki Ɗaya da Surukina a Jirgin Aberdeen

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, akwai tafiya ɗaya da zai bar mini, ita ce wadda na yi da surukina a jirgin ƙasa mai ɗakunan kwana. Har yau idan na tuna sai na yi dariya, amma a daren kam ba dariya nake ba.

A lokacin ina karatun digiri na uku a Birmingham, muna zaune a Edgbaston ni da maiɗakina. Mahaifinta ya zo daga Kano don bikin kammala karatun autansa a Aberdeen, can ƙuryar Scotland. Alhaji mutum ne mai ciwon baya. In ya yi awa biyu a zaune, sai ya wuni bai miƙe ba. Shi kuwa burinsa ɗaya ne: ya shiga zauren bikin nan da ƙafarsa, ya tsaya tsaye a ɗauke shi hoto da yaronsa. Ya ce ba zai ƙetaro teku a tura shi a keke kamar kaya ba. Matata tana da tsohon ciki, don haka rakiya ta faɗo kaina.

Ni fa na ɗauki kaina gwanin tafiya. Na ce ai ga jirgin da ake kwana a ciki, Baba ya miƙe bayansa har safe. Tun da saura makonni na kama wuri, don na ji ɗakunan kan ƙare da wuri idan bazara ta shigo. Na zaɓi ɗaki mai gado biyu saboda in kasance kusa da shi. Na hana shi ɗaukar ƙatuwar akwatinsa, muka zuba babbar riga da magunguna a ƙaramar jaka. Har sa'a guda na ba mu ta jira a Crewe, inda za mu tari jirgin, kada na Birmingham ya makara ya ja mana. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban buɗe hoton ɗakin na duba ba. A raina gadaje ne biyu, ɗaya nan ɗaya can, irin na otal.

Dab da tsakar dare jirgin ya iso. Wata ma'aikaciya mai furfura ta duba sunanmu, ta miƙo katin buɗe ƙofa. Ina turawa gabana ya faɗi. Ɗakin bai fi rumfar mai shayi ba, gadajen kuma ɗaya ne a kan ɗaya, da ɗan tsani a jingine. Alhaji ba zai iya hawa tsani ba. Ke nan ni zan haye, in kwana a saman kan uban matata, ina juyi katako na ƙara. Mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba!

Ya kalli gadon, ya kalle ni, ya ce, "To, madalla." Sai ya zauna a bakin na ƙasa, ya sunkuyar da kai saboda na sama ya hana shi miƙewa, ya fito da carbi. Ko hula bai cire ba.

Na ce, "Baba, a kwanta a huta. Ni zan ɗan tsaya a waje."

"A'a, hau ka kwanta abinka. Ni zama ya ishe ni."

"Baba, bayan fa?"

"Yaya zan miƙe ƙafa kai kana tsaye a lungu kamar mai gadi? Bar shi kawai."

Nan kunya ta tsare mu, tasa da tawa. Na san halinsa sarai. Ba zai kwanta a gabana ba, ba kuma zai kwanta ya san ba ni da makwanci ba. Idan kuwa ya kwana a haka, a tanƙware, gobe sai dai keken da ya tsana. Haushin kaina ya kama ni sosai.

Na ce zan nemo ruwan zafi, na fice zuwa taragon da ake shan shayi, na kira matata. Ina cikin cewa, "Wallahi na kwafsa, ba zan iya kwana a kan Baba ba," sai wani dattijo a teburin gefe ya fashe da dariya har shayinsa ya zube. Ya yi mini sallama da Hausa. Ashe mutumin Kumasi ne, mazaunin Gorton a Manchester, shi ma a Crewe ya hau, za shi Inverness wurin aiki.

Ya ce, "Malam, kai ma da abinka! Wa ke booking cabin ɗaya da suruki? Akwai ɗakuna masu ƙofa a tsakani, biyu za ka kama. To ni kaɗai ne a nawa, top bunk ɗin, gadon sama, banza yake. Zo ka hau. Ni ba 'yata kake aure ba."

Muka je wurin ma'aikaciyar nan neman izini. Na sha wuya kafin ta gane dalilin da zai hana mutum kwana ɗaki ɗaya da mahaifin matarsa, har ta tambaya ko faɗa muka yi. Da ta fahimta sai ta yarda, amma ta ɗaga mini yatsa. Ta ce jirgin nan ba ɗaya ba ne. Idan ya kai Edinburgh wajen asuba raba shi ake yi, taragonmu ya nufi Aberdeen, na wannan bawan Allah ya nufi Inverness. In na yi nauyin barci, zan farka a wani gari, tsoho kuma ya sauka shi kaɗai ba waya ba Turanci. Ban taɓa sanin haka ba, alhali yana rubuce a takardar da aka aiko mini. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Na koma na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, Allah ya haɗa ni da wani ɗan'uwa Bahaushe, ya ba ni gado a ɗakinsa."

"Gado na gaske?"

"Na gaske, har da bargo."

Bai yarda ba sai da mutumin ya zo da kansa suka gaisa. Sannan na nuna masa makunnin fitila da maɓallin kiran ma'aikata, na ajiye masa ruwa da magani inda hannunsa zai kai, na ja ƙofa. Ban bar wurin ba sai da na ji ƙarar takalmi ya faɗi ƙasa.

Barcin da na yi kaɗan ne. Na saita ƙararrawa uku, na kwanta da takalmina a ƙafa. Tun kafin ta farko ta buga na diro, na bi taragu ina dafa bango, na iso namu taragon daidai lokacin da jirgin ke rage gudu. Na kasa kunne a ƙofar Alhaji. Minshari! Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Nan na tsaya a lungu ina murmushi ni kaɗai har aka gama raba jirgin. Can na ji ya tashi yana alwala a ɗan wurin wanke hannu, ni ma na nemi gefe na yi tawa sallar.

Da muka isa Aberdeen na miƙa hannu zan taimaka masa ya sauka, ya ture shi. Ya sauko da kansa, a miƙe kamar sanda. A zauren biki, da aka kira sunan autansa, shi ya fara tashi a layinmu, babbar riga tana ƙyalli. Hotuna kuwa sai da yaron ya gaji, shi bai nemi kujera ba. Da yamma ya karɓi wayata ya kira 'yarsa a gabana, bai dube ni ba, ya ce, "Mijin nan naki ya iya riƙon amana." Shekara huɗu ina auren 'yarsa, ranar na fara jin yabo daga bakinsa.

Tun daga nan ba na kama ɗaki a jirgi sai na ga hotonsa, na san wane gado ne na ƙasa, na kuma tambayi inda taragona zai ƙare. Amma babban abin da na koya shi ne, kafin ka shirya wa babba tafiya, ka auna halinsa kamar yadda ka auna lafiyarsa. Ni bayan Alhaji kawai na yi wa tanadi, na manta da kunyarsa, ita kuwa tare da mu ta hau jirgin.