Doyar da Kakana Yake Kaiwa Yendi

Man keken ɗinki ne ya tono wannan magana. Jiya da hantsi ina zaune a shagona a nan Bawku, na ɗiga wa keke mai, warin ya bugi hancina, sai ga ni a zauren gidanmu na Salaga ina 'yar shekara goma sha biyu, kakana na wajen uba ya toshe hanci da gefen rawani yana faɗa a fitar masa da man nan daga gida. Na fi shekara talatin ina ɗinki, kullum ina shaƙar man nan, bai taɓa damuna ba sai daga daminar bara. Zan gaya maka dalili idan mun kai wurin.

Gidanmu gidan fatake ne. Mahaifin kakana madugu ne, shi yake jan ayarin goro daga Salaga zuwa ƙasar Hausa. Kafin a haife ni goro ya sake hanya, muka koma doya da hatsi, abin da ya rage na wancan zamani sai labari da wata doguwar sanda baƙa da kakana ya gada. Ita yake dogarawa, amma ya naɗe mata tsumma a gindi, kuma ba ka taɓa jin ƙararta a ƙasa. Mu yara muna yi masa dariya, muna cewa sandar Kaka ta sa takalmi. Mutum ne mai wasa da jikoki, ni yana ce mini amarya, yana cewa tuwona ya fi na tsohuwarsa, wato kakata. Amma duk yaron da ya ɗauki kara ko icce ya buga gindinsa a ƙasa a gabansa, ranar zai san Kaka tsohon soja ne.

Ya yi yaƙin Turawa a Burma, ya dawo da igiya biyu, shi ya sa tsaransa suke kiransa Kofur. Sauran tsofaffin sojoji sukan taru a bakin kasuwa suna ba da labari, kowa ya kashe mutum ɗari shi kaɗai. Kakana idan ya hango su sai ya bi ta bayan rijiyoyi.

Abu ɗaya muka sani game da yaƙinsa, shi ma don yana taɓa cikinmu ne. Duk shekara idan sabuwar doya ta fito, ruwa bai gama ɗaukewa ba, ciyawa ta rufe hanyar gona, Kaka zai zaɓi manya-manya daga cikin wadda aka sauke mana daga Kpandai, ya ɗaure, ya hau lori zuwa Yendi. Ba wanda zai daka sakwara a gidanmu sai ya dawo. Mahaifiyata takan yi ta ƙunƙuni a madafa, tana cewa mu da muke sayar da doya mu ne na ƙarshen ɗanɗanawa a duk unguwa. Idan ka tambaya sai a ce maka amana ce: amininsa, mutumin zangon Yendi, sojan Japan sun harbe shi, ya cika a hannun Kaka, ya bar uwa tsohuwa da mata mai ciki. Uwar ta rasu kafin in yi wayo. Matar ce ake kai wa.

Shekarar da nake faɗa maka idonsa ya yi rauni, ƙafa ma ta fara gardama. Mahaifina ya ce zai kai doyar a madadinsa, Kaka ya ƙi. Ya ce amaryarsa za ta ja shi. Na yi murna kamar me, don ban taɓa wuce Salaga ba.

Mun wuce Bimbila kaɗan lorin ya kafe a taɓo. Aka sauke mu, maza suka shiga sassaro ganye suna cusawa a ƙarƙashin taya, mu kuma muka zauna a gindin wata kaɗanya. Direba ya buɗe gaban mota, warin mai ya iso mu. Na jira Kaka ya toshe hanci. Bai toshe ba. Ya ajiye sandar a kwance a kan cinyarsa, ya fara magana, kuma ba na jin da ni yake yi.

Ya ce bindigar da aka ba shi sunanta Sitengan. Turawan Ingila sun yi ta ne a gurguje, lokacin da yaƙi ya ci musu makamai, suna neman abin da za a ƙera da yawa kuma da araha. Kafin ita akwai wata ta Amurka, mai nauyi, mai katako mai sheƙi, amma ta yi musu tsada. Ita wannan kuwa bututu ne kawai da 'yan ƙarafa da aka liƙa, maƙerin Salaga ma da ya gani sai ya raina aikin. Gidan harsashinta a gefen hagu yake fitowa, ba a ƙasa ba. Kullum sai an shafa mata mai, warinsa sak na man keken ɗinki. Ba ta kai nesa, amma a dajin Burma ba a bukatar nesa, don ba ka ganin abokin gaba sai kun kusa gwabza goshi. Ka taɓa kunama sau ɗaya ta zazzago harsashi kamar an kwance bakin buhun gero. Sojan gama-gari doguwar bindiga ake ba shi, wannan sai mai igiya. Ya ce ranar da aka rataya masa ita ya ji kamar an naɗa shi sarauta.

Amma tana da hali biyu. Wani lokaci kana tsananin bukatarta ta ƙi tashi. Wani lokaci kuma ba ka taɓa ta ba, ta faɗi ko ta bugu, ta tashi da kanta. An gaya musu wannan a wurin horo, an nuna musu yadda ake maƙale ta. Ya sani sarai.

Ka san al'adar fatake, ko da yake yanzu wa ya sani. Idan ayari ya iso zango bayan doguwar tafiya, madugu yakan ɗaga sandarsa ya buga gindinta a ƙasa ya ce an sauka, sannan kowa ya sauke kaya. Kakana ya taso yana ganin ubansa yana yi. A Burma ya mayar da abin wasa: duk inda suka yada zango sai ya sami icce ya buga, ya yi muryar madugu, 'yan arewa su yi dariya su tuna gida. Amininsa ne ya fi kowa son wasan. Wata rana sun wuni suna hawan dutse cikin ruwa, suka iso masauki da la'asar, kowa ya jiƙe, ba mai iya magana. Aminin ya zube a ƙasa yana kwance takalmi zai yi alwala, ya ɗago kai ya ce, “Madugu, ba za ka sauke mu ba?” Babu icce a kusa. Abin da yake hannun kakana ya buga.

Ya ce ko ƙarar bai ji ba. Ya dai ga amininsa ya koma da baya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Babu sojan Japan ko ɗaya a wurin. Baturen da yake shugabantarsu ya rubuta cewa abokan gaba ne, don ya fi sauƙi a takarda. Sajensu, wani mutumin Bawku, ya ja shi gefe ya ce ya rufe bakinsa. Ya rufe. Da suka dawo ya tafi Yendi da niyyar faɗa, ya tarar da tsohuwa tana jiransa a ƙofa, ta rungume shi tana kuka tana cewa ɗanta ya dawo mata a jikin wani. Sai ya ce Japan ne. Da shekara ta zagayo ya koma da doya da niyyar gyarawa, ya kasa. Haka shekara ta bi shekara.

“Amarya,” ya ce da ni, “ni kwanana ya ƙare, ina ji a jikina. Ba zan shiga kabari da haƙƙin nan ba. Yau zan faɗa mata, ta yafe mini.”

Ni yarinya ce, na ɗauka abin da wuya shi ne faɗar. Na yi zaton yafiya kamar gaisuwa take, ka miƙa a amsa.

Mun isa Yendi rana ta karkata. Gidan ƙarami ne, na jar ƙasa, a bayan masallacin zango. Matar tana zaune a tsakar gida a kan 'yar kujera tana ɓare gyaɗa a faifai, siririya, baƙa, ɗankwalinta ya koɗe. Ɗanta, wanda bai taɓa ganin ubansa ba, shi ya sauke doyar, kansa har ya fara furfura. Aka kawo mana ruwa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan Kaka ya roƙi ɗan ya ba su wuri. Ni ba wanda ya kore ni.

Ya sauka daga tabarma ya durƙusa a ƙasa tsura, tsoho mai rawani a gaban mace, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, “Matar yaya, na zo da magana.” Ya faɗa mata duka, har takalmin. Hawaye yana bin gemunsa. Ita kuwa hannunta bai tsaya ba, tana murza gyaɗa tana zubar da ɓawo. Da ya gama ta hure faifan, ta amsa da Hausarta ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji.

“Kofur, na sani. Saje na Bawku ya biyo nan shekaran da kun dawo. Shi ya gaya mini.”

Kaka ya ɗago kai ya dube ta, ta ci gaba.

“Na mijina na yafe tun tuni. Bindiga ne, ba kai ba, kuma kwananshi ne ya ƙare. Amma uwanshi fa? Kowane shekara kana zuwa, tsohuwa yana sa hannu a kanka, yana sa maka albarka, yana zagin Japan. Ni ina nan tsaye ina kallon bakinka, ina cewa bana zai faɗi. Har tsohuwa ya mutu sunanka ne a bakinshi.”

“Don Allah ki yafe mini wannan ma,” in ji Kaka.

“Wannan ba nawa ba ne da zan yafe. Mai shi yana kabari.” Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Can ta ce, “Doya ka bari, yara za su ci. Amma kar ka kawo kuma.”

Da muka sauka a tashar Salaga na miƙa masa sandarsa, na ga tsumman ya kwance ya faɗi a wani wuri, bai kuma nemi wani ba. Ya daina ce mini amarya. Ya rasu kafin sabuwar doya ta gaba ta fito. Shekarar nan mu muka fara daka sakwara a unguwa, mahaifiyata tana murna, ni ko loma ban kai baki ba.

Na tsani matar nan, ba zan ɓoye maka ba. Na yi shekaru ina cewa a raina wace irin zuciya ce wannan, dutse ne ko me. Mutum bai yi da gangan ba, ya yi kusan shekara arba'in yana hawan lori a kan mummunar hanya, ya durƙusa miki a ƙasa, kalma ɗaya ta gagare ki. Ko da aure ya kawo ni Bawku, duk lokacin da mota ta bi da ni ta Yendi sai in kau da kai.

Yanzu ga dalilin da na ce zan gaya maka. Daminar bara ɗana na biyu yana dawowa daga kasuwar Zebilla a kan babur, da buhun albasa a baya, da rana tsaka. Ka san yadda rikici ya mayar da garin nan. Aka buɗe wuta daga cikin masara a gefen hanya. Shi ba ya cikin rigimar kowa, albasa yake sayarwa. Da aka kawo mini rigarsa, wadda ni na ɗinka, na ƙirga huda biyar, na daina ƙirgawa.

An ce bindigogin yanzu sun fi na zamanin Kaka nesa ba kusa ba. Ba sa kafewa, ba sa tashi don an buga su a ƙasa. Sai an saita, an yi niyya. To wanda ya saita ɗana yana nan cikin garin nan ko a ƙauyen kusa, yana cin tuwo, wataƙila ma na ɗinka wa matarsa kayan salla. An zo mini ta'aziyya, an ce in yi haƙuri, an ce in yafe. Na ce in yafe wa wa?

Sabuwar doya ta fito makon jiya, na gan ta a kasuwa an jera. Na tsaya ina kallo har mai ita ta tambaye ni ko lafiya. Matar Yendi nake tunani. Na daina tsanarta, yanzu hassada nake yi mata. Ita ta sami wanda ya zo ƙofarta shekara bayan shekara, ya durƙusa, ta dubi idonsa ta hana shi. Ni kullum ina barin ƙofar shago a buɗe, kuma har yau ba wanda ya zo.