Langar da ta kwana goma sha ɗaya a ƙarƙashin gadona

Ƙarfe bakwai da minti goma na safe, ranar jajibirin Kirsimeti, mu biyu ne a bayan gidan maƙwabcina a Kaura Namoda, sai taure na ukunmu, ɗaure a jikin dalbejiya. Ni ina riƙe da wuƙa, shi yana riƙe da buta.

Maƙwabcin nawa Kirista ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, duk unguwa Baba Reluwe ake ce masa. Iyayensa sun zo ne tun lokacin da jirgi ke isowa ƙarshen layi ya ɗebi gyaɗa, amma shi a nan aka binne cibiyarsa, kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Tsakanin ƙofarsa da tawa taku arba'in ne. Na sha ƙirgawa.

Akwai tsari tsakanin gidajen biyu, kuma mahaifina ne ya kafa shi, malami mai karantar da littattafai a zaure. Ranar jajibiri mutumin gidanmu ne ke yanka musu dabba, domin duk maƙwabcin da aka kai wa naman ya ci babu shakka a ransa. Ranar Kirsimeti da hantsi matarsa, wadda muke kira Mama, ta shigo wurin maiɗakina da babbar langa mai murfi, cike da shinkafa da nama. Washegari langa ta koma. Ba ta komawa wayam, domin a wurinmu ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa babu komai a ciki. Mukan cika ta da sabon gero daga gonarmu ta Birnin Tsaba, a ɗora albasar Shinkafi a kai. Da Babbar Sallah sai abin ya juya, namanmu ya tafi, kwanonmu ya dawo da ƙuli-ƙuli ko cincin. Da mahaifina ya rasu na gaji wuƙar da tsarin gaba ɗaya, ban taɓa kuskure shekara ba.

A wannan shekarar da nake ba da labari kuwa, wata na biyar ke nan ba ni da aiki.

Ni mai kula da sito ne na wani ɗan kasuwar hatsi a Shinkafi. Litinin in tafi, Juma'a in dawo. Da hanyar Moriki ta lalace saboda 'yan bindiga, motoci suka rage zuwa, kasuwar Alhamis ta koma kamar ba ita ba, sai Alhajin ya kira ni ya karɓi makullai, ya yi mini addu'a, ya ce in abubuwa sun gyaru zai neme ni. A wannan daminar kuma ƙanena, wanda ke noma mana gonar gado, ya kwashe iyalinsa ya koma cikin garin Zurmi. Gero ya nuna a tsaye, babu mai iya shiga ya yanke. Albashi da rumbu suka tafi a shekara ɗaya.

Maiɗakina kaɗai na gaya wa. Ga sauran jama'a cewa nake an dawo da ni Kaura in riƙa duba kaya. Kullum ƙarfe takwas in sa hula, in ɗauki jakata, in fita. In zaga tasha, in zaga 'yan hatsi, in tambayi aiki a wuraren da na san labarin ba zai iso unguwa ba, sannan in zauna a bayan wani shagon faci har azahar. Ina da dalilina. Ni ne mutumin da ke raba sadaka duk Juma'a a ƙofar masallaci, da tsari, tsofaffi tukuna sannan makafi. Ni ne mai yi wa mutane nasiha a kan tawakkali. Ban san tawakkalin nawa a kan ƙarshen wata yake jingine ba sai da ƙarshen watan ya daina zuwa.

Na yi bisimilla na yanka tauren. Baba ya zuba mini ruwa na wanke hannu. A al'ada wuya na mai yanka ne, kuma duk shekara ina karɓa in kai gida. Wannan karon da aka gama fiɗa sai ya haɗa wuyan da cinya guda, ya miƙo mini.

"Malam, ga naka. Tauren bana ya yi kitse, ba kamar mai shi ba."

Gabana ya faɗi. Cinya ba ta cikin tsari. Na ce a raina ya sani, wani ya gan ni a bayan shagon faci.

"Bana kam ba ni so," na ce masa.

"Wuyan ma?"

"Har shi."

Na goge wuƙata na tafi, ban tsaya shan shayin da muka saba ba. Daga baya na gane bai san komai ba. Ɗansa ne ya aiko masa da babban taure daga Kaduna, shi ke nan dalilin cinyar.

Washegari ƙarfe goma sha ɗaya Mama ta shigo da langa. Yara suka ci har suka kankare ƙanzo. Ni ma na ci, kuma ba zan ɓoye ba, rabona da nama ya kai mako shida. Da la'asar maiɗakina ta wanke langar ta goge, ta ajiye a gabana.

"Mi za mu zuba, Malam?"

Geron da ke gidan tiya ɗaya ne da rabi, tsohon hatsi na kasuwa, shi ne tuwon yara na kwana biyu. Ta ce mu zuba rabi, Allah zai kawo wani. Na ce a'a. Mama ta san geron Birnin Tsaba da ido, tana gani za ta gane. Ta ce to mu mayar haka nan, ita za ta yi wa Mama bayani mace da mace. Na ce kada in ji. Na ɗauki langar na tura ta ƙarƙashin gado, na ce gobe ko jibi zan samo abin zubawa.

Gobe ta zo, jibi ta zo. Rana ta uku na shiga mota zuwa Zurmi wurin ƙanena, ina tunanin ko ya tsira da wani abu. Na same su su tara a ɗaki ɗaya na aro, matarsa na dama kunun da ake ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Na fasa roƙon da ya kawo ni. Ɗan abin da ke aljihuna na bar musu, na dawo a bayan motar itace.

Tun daga nan na canza hanya. Na daina bi ta ƙofar Baba, nakan zaga ta bayan makarantar firamare. Na daina zama a dakalinsa bayan la'asar, inda muka saba sauraren rediyo. Sabuwar shekara ta zo, ranar da sukan ƙara aiko da ɗan abu, ba a aiko ba, domin langar da ake aikowa a cikinta tana ƙarƙashin gadona. Mama ta daina shigowa. Maiɗakina ta daina yi mini magana sai ta dole. Duk sanda na sunkuya ɗauko takalmi sai in ga murfin langar yana kallona.

Akwai abin da ban lissafa ba, ni mai son lissafi. A shekarun nan wasu matasa sun taso a masallacinmu suna cewa bai halatta a ci abincin Kirsimeti ba, har a gaban Baba an taɓa faɗa. Ban taɓa bin su ba, amma ban taɓa tsawata musu a fili ba. Ni ina can ina ɓoye talaucina, ban tsaya na tambayi kaina yadda abin yake a idon mutumin da ke taku arba'in daga ƙofata ba.

Rana ta goma sha ɗaya, ƙarfe huɗu da rabi, na fito daga sallar la'asar sai na gan shi tsaye nesa kaɗan da masallaci, da sandarsa da tsohuwar hular aikinsa. Bai taɓa jirana a wurin ba. Ya bari mutane suka watse.

"Malam, ina wuni."

"Lahiya lau, Baba."

"Magana gare ni, kuma ba ni son kwana-kwana. Na ba ka nama ka ƙi. Langa ta shiga gidanka ba ta hito ba. Ka bar bin ƙohwata kamar na ɗaure kare. In abincinmu ya haramta gare ka yanzu, ka hwaɗa mani da bakinka. Ba ni jin haushi, kowa da addininsa. Amma tsohuwar nan ta ce zubarwa kunka yi, kunka ɓoye kwanon don kada a gani. Kwana uku ba ta barci."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har da ranar da aka karɓi makullai.

"Baba, wallahi mun cinye. Har ƙanzo."

"To ina langar? Ita ma kun cinye ta?"

"Tana ƙarƙashin gado."

"Tana mi can? Ƙwai take yi?"

Na ce masa ba ni da abin zubawa. Da na faɗi wannan sai sauran ya biyo baya da kansa, a jere: sito, hanyar Moriki, gona, ƙanena, shagon faci. Yana saurare yana buga sandarsa a ƙasa. Na zaci zai tausaya mini. Faɗa ya yi.

"Wata biyar! Kai da jakarka kullum sahe kamar gwamna! Ni ina cewa tsohuwa dubi Malam, an yi mashi ƙarin girma!" Ya yi tsaki. "Kai yaro ne lokacin da jirgi ya tsaya, ba ka san komi ba. Munka yi shekaru ba albashin kirki. Duk kaka babanka shi aiko da hatsi cikin ƙwarya, da Sallah shi aiko da nama. Mi kake tsammani muna zubawa? Iska! Sau ɗaya tsohuwa ta ranto gyaɗa ta zuba, ya maido ta, ya ce in ta sake ya bar aikowa. Kai ka gaji wuƙarsa, ba ka gaji wannan ba."

Ban san wannan labarin ba. Mahaifina bai taɓa faɗa ba, mahaifiyata ma haka. Ni na taso na tarar ana zuba gero, sai na ɗauka geron ne tsarin.

Na koma gida na durƙusa na jawo langar. Ƙura ta hau murfin. Maiɗakina ta karɓa ta sake wankewa, ta ɗauko mayafi za ta kai. Na ce ni zan kai. Na fita da ita a hannu, rana ba ta faɗi ba, mutane na zaune a ƙofofinsu, har da biyu daga cikin matasan nan. Langa marar komai tana ƙara in ana tafiya da ita, murfin yana bugun baki. Duk taku arba'in ɗin sai da ta yi ƙara.

Na yi sallama. Mama ta fito tana goge hannu a zane. Ta karɓa, ta ji nauyinta, ta buɗe murfin ta leƙa. Na tsaya ina jiran abin da za ta ce.

"Kai, an wanke ta da kyau," ta ce. "Gishiri bai yi yawa ba dai?"

"Bai yi ba, Mama."

"To zamna, babanka na ciki yana neman rediyonsa."

Wuyan tauren ashe ta soya ta ajiye tun ranar, ta ce ba ta cin hakkin mai yanka. Ta naɗe shi a takarda ta ba ni. Wannan karon na karɓa da hannu biyu.

Ban sami aiki a wannan watan ba, ko wanda ya biyo shi. Amma na ajiye jakar. Da labari ya fita sai ga shi mutane ba su mutu da mamaki ba, rabin unguwar ma halin da suke ciki ke nan. Wajen azumi wani dillalin hatsi da ya ji ta bakin Baba ya kira ni in riƙa tsaya masa a kan awo ranar kasuwa. Kwana ɗaya ne a mako, kuma har yanzu shi nake yi. Gonar Birnin Tsaba tana nan ba a shiga. Da Juma'a wani lokaci ina bayarwa, wani lokaci ana ba ni, kuma na koyi cewa na gode ba tare da na sunkuyar da kai ba. Wannan ya fi bayarwa wuya, a wurina dai.

Kai mai karatu, abu ɗaya nake roƙonka. Idan ka aika wa maƙwabcinka abinci, da Sallah ne ko da Kirsimeti, ka ga kwanonka ya kwana uku bai dawo ba, kada ka yanke masa hukunci, kada kuma ka aika a karɓo. Ka tashi da ƙafarka ka je, ka gaishe shi, ka tambaye shi ya aiki, ka tsaya har ya ba ka amsa ta gaskiya.